Na leƙa ɗakin Ibsen a Oslo

Kwana huɗu ke nan da dawowata, barcina bai daidaita ba, don a Oslo, babban birnin Norway, ƙarfe goma na dare gari na nan tas kamar bayan La'asar. Taro ne ya kai ni, amma da aka ba mu hutu sai na sulale gidan Henrik Ibsen, marubucin wasan kwaikwayon da ya ba mu wuya a jami'a.

Gidan yana Arbins gate, dab da fadar sarki. Nan ya zauna daga 1895 har rasuwarsa a 1906. Abin da ya tsayar da ni a ɗakin rubutunsa hoton Strindberg ne a bango, marubucin Sweden ɗin da ba sa ga-maciji da shi. Mutum ya sa kuɗinsa ya sayi hoton abokin hamayyarsa, ya rataye inda zai riƙa kallonsa kullum! A garinmu cewa za a yi asiri ake haɗawa.

Na bi hanyar da Ibsen yake takawa kullum zuwa Grand Café. An dasa kalamansa a daɓen titi, jama'a na bi ta kai, ba mai ko sunkuyawa. Ba sa ma gaisuwa. A wani ɗan shago na sayi kofi da burodi, na yi kuskuren lissafa kuɗin da naira, nan take yunwar ta tafi.

A maƙabartar Vår Frelsers na rasa kabarin Ibsen. Wata dattijuwa ta ajiye butar ban-ruwanta ta raka ni har gaban dogon dutsen da aka sassaƙa wa guduma. Ta ce ko labarin Nora ne ya kawo ni, wadda ta bar miji da 'ya'ya ta fice a wasansa na 1879. Na ce, "A'a Baba, Dakta Stockmann ne, likitan da ya ce ruwan wankan garinsu ya gurɓace, aka jefe masa tagogi." Ta yi mamaki. Ni kuwa na san irinsa a unguwarmu. Ta ɓallo mini rabin gurasarta mai cuku ruwan ƙasa, zaƙi-zaƙi kamar alewar madara.

Skien, inda aka haife shi a 1828, jirgin ƙasa na hau, ruwan sama ya tare ni. Grimstad kuwa, inda ya yi yaron kantin magani, guzuri ya ƙare kafin in kai.