Zama a Kumasi da Tambayar Asalin Kaya

Na baro Katsina na zo Kumasi ne domin harkar goro da hatsi, kuma a Aboabo na fara sauka, a gidan wani dattijo da kakanninsa suka zo tun zamanin fataucin Gonja. Samun wurin kwana da abokan ciniki bai ba ni wahala ba, domin Hausa tana ci a zango, ko da yake sai da kunnena ya saba da irin tasu. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne fahimtar masu garin, wato Asante, da dalilin da ya sa zancen sarautarsu yake shiga kowace hira.

A shekarar 2024 babu maganar da ake yi a babbar kasuwar Kejetia kamar ta kayan zinariyar da aka dawo da su daga Ingila. Mai masaukina ya ce mini, "Ɗana, baƙon da zai nemi abinci a gari, dole ne ya san abin da ke ci wa masu garin tuwo a ƙwarya." Shi ya kai ni gidan tarihin fadar Manhyia, wato fadar sarkin Asante, inda na daɗe ina kallon takobin sarauta da ake kira Mpomponsuo, da faya-fayen zinariya da bayin fada masu tsarkake kurwar sarki suke ratayawa a ƙirji.

An kwashe yawancinsu ne a 1874, lokacin da sojojin Birtaniya ƙarƙashin Garnet Wolseley suka washe fadar Asantehene (sarkin Asante) Kofi Karikari suka ƙone garin, sannan aka ɗora wa Asante tarar oza 50,000 na zinariya. Aka sake wani kwasar a 1896 da aka kama Asantehene Prempeh na Ɗaya. Kaya 32 da aka kawo, 15 daga gidan tarihi na British Museum, 17 daga wani gidan tarihin Landan da ake kira V&A, duk aro ne na shekara uku da za a iya ƙara wasu uku, saboda dokokin Birtaniya na 1963 da 1983 sun hana gidajen biyu rabuwa da abin da suka ajiye. Gidan tarihi na Fowler da ke Los Angeles kuwa, a watan Fabrairun 2024 ya mayar da kaya bakwai baki ɗaya ba tare da sharaɗi ba, bayan masu bincikensa sun bi takardun gwanjo da rajistar saye, sun gano cewa kayan sun shigo hannunsu a 1965 daga tarin wani attajiri mai tara kayan tarihi, Henry Wellcome, kuma asalinsu ganima da tarar 1874 ne.

Ni ɗan kasuwa ne, saboda haka wannan bincike bai zame mini baƙon abu ba. A kasuwar shanu, idan aka yi cigiyar saniya aka same ta a hannunka, za a tambaye ka wanda ya sayar maka, shi ma a tambaye shi, har a kai ga ɓarawon, kuma rasit ba ya halatta maka ita. A ganina gidan tarihin da ya rubuta da hannunsa cewa kaya na ganima ne, sannan ya ba mai shi aro, bai gama sauke nauyi ba. Amma na ji hujjar wasu maƙwabtana Asante da suke cewa gara yaransu su ga kayan yau da a jira majalisar Landan ta sauya doka, kuma ban raina ta ba.

Binciken ya taɓa mu ma. A yaƙin 1874 akwai sojojin da ake kira Hausawa a rundunar Kyaftin Glover ta ɓangaren Birtaniya, waɗanda aka ɗebo daga Legas, kuma ba kowane dattijon zango ne yake son a tayar da zancen ba. Tun kafin nan malamai Musulmi suna rubuta wa sarakunan Asante wasiƙu da layu, kuma wasu daga cikin rubuce-rubucen Larabci na Kumasi, waɗanda aka kwashe a yaƙin Katamanso na 1826, suna ɗakin karatu na masarautar Denmak a Kofenhagen. Tun da na san haka, idan abokan cinikina Asante suka ɗauko zancen kayan fada, nakan kawo musu na waɗannan takardu, kuma sau da yawa hirar takan wuce lokacin auna goron.