Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bakin Rafi

Makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni wani gandun daji a kudancin Kaduna, bayan farin 1984. Na yi niyyar yau in kawo labarin auren Yaya Babba, amma tun asuba maganar Baffa ke yi mini yawo a ka, sai ku yi haƙuri.

Baffa, Allah ya jiƙansa, yakan ce, "Dajin da tsuntsu ba ya kwana a ciki, gona ce." Ina yaro ban ɗauke ta da nauyi ba, sai da na riƙe igiyar awo da hannuna.

Aikinmu a lokacin shi ne share daji a dasa itacen turare da malaina. Turare daga Ostareliya aka kawo shi, malaina daga Asiya, kuma ana son su ne don saurin girma: turakun wutar lantarki, katako, itacen girki. Mita 3 tsakanin dashe da dashe, hekta guda ta ci sama da 1,100. Ban taɓa raina wannan aiki ba, da shi na ciyar da iyalina, kuma idan ba a dasa ba dajin Allah za a faɗa wa da gatari. Amma abin da muke kayarwa kafin dashen fa? Doka, maje, kawo, ƙirya, madobiya, a tara a cinna wuta.

Da awo ya kai mu bakin rafi sai ƙafata ta yi nauyi. Akwai wata tsohuwar ɗorawa a wurin, jajayen tuntunta sun sauko, da magariba jemagu su yi mata dandazo, kuma su ne ke sa ta ɗaukar 'ya'ya. A reshenta wani ya rataye amya biyu. Ƙarƙashinta sawun gada ne a kan laka, ɗanye shar, fakara na kuka a duhuwa. Na auna taku 30 ta kowane gefen ruwan, na kafa turke, na ce wa leburori daga nan kada gatari ya wuce.

Bayan mako uku maigidanmu ya zo duba aiki. Ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, amma ban manta ba. Ya ƙirga layuka ya ga sun gaza, sai ya dube ni a gaban yarana ya ce, "Kai malamin daji ne ko boka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka aske bakin rafi ƙasa za ta zaizaye, ruwan ya ƙafe." Ya ce ba a ɗauke ni aiki don kiwon jemage ba. Takardar tuhuma ta biyo baya, aka tura ni wurin rainon dashe ina cika leda da ƙasa, waɗanda na koya wa aiki suka wuce ni. Uwargida ta yi kuka a daren, ni kuwa ko tuwo ban iya ci ba.

Madobiyar nan da muke ƙonawa, ita ce daga baya aka raɗa wa "Madrid" a Taraba, ana loda ta a tirela zuwa Legas, daga can sai ƙasar Sin. Sai da aka kusa ƙarar da ita kafin dokar duniya ta CITES, mai sa ido kan cinikin itatuwa da namun daji tsakanin ƙasashe, ta fara taƙaita cinikinta a 2017. Ranar da na ji a rediyo, Baffa na tuna.

Bayan na yi ritaya na koma wurin, autana ya kai ni a babur. An sare turaren, ya sake tofowa daga kututture. Ka shiga cikinsa ka ji tsit, sai busasshen ganye na ƙara a ƙafarka. Gona ce, kamar yadda Baffa ya faɗa. Amma bakin rafin na nan, ga ruwa kwance a watan Maris, cilakowa na tashi daga kan ɗorawar. Na tarar da wani saurayin ma'aikaci yana tsintar irin madobiya a buhu. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Baba, nan kaɗai muke samun iri, ko wa ya bar wurin nan Allah ya saka masa." Hawaye suka cika mini ido, na kasa gaya masa.

Takardar tuhumar tana nan a ƙasan akwatina, tare da takardun makarantar yara. Auren Yaya Babba sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.