Takardar Ingila ta iso gidanmu

Asabar, 15 ga Nuwamba, 2025. Zariya.

Maman yara ta dawo daga aikin dare wajen takwas da rabi, ko hijabi ba ta cire ba ta miƙo min wayarta. Saƙon imel ne daga wani asibitin gwamnati da ke arewacin Ingila, ba nisa da Leeds. Sun ɗauke ta aikin nas, suna son amsa kafin ƙarshen wata. Da sanina aka yi komai, ni na raka ta Abuja ta rubuta jarrabawar Turanci, ni na riƙe yara lokacin da take karatun jarrabawar kwamfuta ta hukumar jinya ta can. Sai dai duk tsawon lokacin a raina cewa nake ai abin da sauran nisa. Na ce mata barka. Ta dube ni ta ce, "Malam, wannan barkar ba ta kai ciki ba." Na ce ta je ta kwanta tukuna, magana ba ta gudu.

Tana barci na ɗauko biro da takarda. Albashin farko na nas a asibitocin gwamnatin Ingila (NHS) fam 31,049 ne a shekara. In an cire haraji da inshora da fansho, abin da zai shigo hannu a wata ya kusa fam dubu biyu, fam ɗaya kuma yanzu ya doshi naira dubu biyu. Wato a wata ɗaya za ta karɓi kwatankwacin abin da ni da ita muke haɗawa a kusan shekara. Sai da na ajiye biron na ɗan yi shiru. Amma ba a kasuwar Sabon Gari za a kashe kuɗin ba, a can za a kashe su, da farashin can.

Kuɗin shiga ma ba wasa ba ne. Bizar ma'aikatan lafiya fam 304 ce ga kowane mutum idan ta shekara uku ce, mu kuma mu biyar ne. Asibitin zai ɗauki nauyin nata da tikitinta, namu kuwa daga aljihunmu. Ga fasfo na yara, ga gwajin tarin fuka da sai an je Abuja ko Legas, ga tikitin mutum huɗu. Sauƙin kawai shi ne masu irin wannan bizar da iyalansu an yafe musu harajin lafiya na fam 1,035 da ake karɓa duk shekara daga sauran baƙi. Duk yadda na juya lissafin, sai an sayar da filina na Dakace, watakila har da mota. Filin nan ne na ce in Allah ya yarda a kansa zan bar gidan haya.

Bayan azahar na wuce Tudun Wada wajen Hajiya, mahaifiyata. Na same ta a tsakar gida ta miƙe ƙafa, gwiwar ta motsa da shigowar sanyi. Na daɗe ina kewaye-kewaye, maganar tsadar masara, maganar bikin 'yar ƙanwarta, har ta gaji ta ce, "Ɗan nan, faɗi abin da ya kawo ka." Na faɗa.

Ban samu faɗan da na shirya wa ba. Ta ce tafiya ba a kanmu aka fara ba. Ta tuna min da ƙanen kakanmu da ya tafi aikin hajji a ƙasa tun zamanin Turawa, ya bi ta Borno da Chadi, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya noman auduga don ya tara na ci gaba, ya yi aure a can. Bai dawo ba. Jikokinsa na nan, an ce wasu ko Hausa ba sa ji sosai. Ta ce shi ma da niyyar dawowa ya fita. Daga nan ta tambaye ni ko ana tafiya da tsofaffi. Na ce a'a, bizar ta miji ko mata ce da 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba, uwa ba ta ciki, sai dai ta ziyara wadda ba ta wuce wata shida. Ta yi dariya ta ce ita ko kyauta aka ba ta ba ta zuwa inda za a kulle ta a ɗaki. Can kuma ta ce, "In ta Allah ta kasance, za ka samu jana'izata?"

Ba zan samu ba, mu duka mun sani. A garin nan in mutum ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi. Jirgi daga Landan zuwa Abuja kaɗai ya fi awa shida, ban da neman tikiti, ban da hanyar Kaduna. Na ce mata Allah ya ja kwana, ta ce amin, amma ba amsar tambayarta ke nan ba. Ba ta ce kada mu tafi ba. Da ta hana, da abin ya zo min da sauƙi.

A hanyar dawowa na riƙa ƙirga mutanen da gidanmu ke tsaye a kansu, waɗanda babu su a takardar lissafina ta safe. Maƙwabciyarmu da auta ke wuni a wajenta duk ranar da Maman yara ke aikin safe. Ƙanwata da ke ɗauko manyan biyu daga makaranta in na makara. Malamin Islamiyya da ke karɓar abin da bai taka kara ya karya ba, ga shi babbar 'yarmu ta kusa izu goma a hannunsa. Mai shagon bakin layi da ke ba mu bashi har a yi albashi. Ita ma Hajiya, ba mu kaɗai ke amfana da ita ba: Maman yara ce ke auna mata hawan jini duk Juma'a, ita ke duba magungunanta ta ware na jabu. Duk waɗannan ba a biyan su da kuɗi a nan. A can kowanne sai ka saya, wani kuma ko da kuɗinka babu shi.

Da la'asar na kira abokina da muka yi jami'a tare, wanda yake Bradford da iyalinsa. Mutumin kirki ne, ba ya cikin masu ɗaukar hoto a gaban motar wani su ɗora a Facebook. Ya ce gidan da zai ɗauke mu mu biyar, in ba a lungu ba, in shirya fam ɗari tara zuwa dubu a wata. Ga harajin ƙaramar hukuma da kowane gida ke biya, ga kuɗin gas na ɗumama ɗaki wanda a lokacin sanyi ke cin mutum da rai. Bizar kuma an rubuta a jikinta cewa babu tallafin gwamnati, don haka kuɗin yara da ake ba 'yan ƙasa ba namu ba ne. Ya ce da albashi ɗaya za a rayu, amma ba za a tara ba, ba kuma za a aika gida yadda dangi ke zato ba. Makarantar gwamnati kyauta ce kuma mai kyau, wannan ya yaba sosai. Asibiti kyauta, sai dai jira. Masallatai da naman halal a Bradford ba matsala. Sannan ya ce kada in manta da ƙarshen Yuli da farkon Agustan 2024, lokacin da tarzoma ta ɓarke bayan kisan yara a Southport, aka kai wa masallacin garin hari, aka farma otal-otal da ake ajiye masu neman mafaka. Ya ce kwanakin nan matarsa ba ta fita da hijabi ita kaɗai ba.

Na tambaye shi ni fa, wane aiki zan yi? Ya ɗan yi shiru. Tun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya hanyar samun shaidar koyarwa, amma ga masu lissafi da kimiyya da harsuna. Ni labarin ƙasa nake koyarwa. Shi kansa da digirinsa na biyu a sito yake aiki, yana jera kwalaye da dare. Ya ce in Maman yara na aikin awa goma sha biyu, dole wani ya zauna da yara, don a can ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai ko a ce maƙwabta za su duba, hukuma na iya shigowa cikin maganar. Wato ni ne mai kai yara makaranta, ni ne mai girki, sai in nemi ɗan aikin da zai shiga tsakanin lokutanta.

Na san abin da za a ce a majalisarmu: Malam ya bi mace. Zan yi ƙarya in na ce bai sosa min rai ba. Amma da na zauna na duba, wannan ba hujja ba ce da zan tsaya a kanta gaban Allah ko gaban 'ya'yana. Girki ba ya rage wa namiji komai, kuma waɗanda za su yi maganar ba su za su biya min kuɗin makaranta ba. Abin da ya fi damuna daban ne. A nan, in aikina ya tsaya nata na nan, in duka suka tsaya akwai gidan Hajiya, akwai Yaya, akwai gona. A can zamanmu mu biyar zai rataya ne a kan takarda ɗaya, tata. Akwai sauran jarrabawar gwaji da ake kira OSCE wadda sai ta isa can za ta yi, kafin ta ci kuma albashinta bai kai wanda na yi lissafi da shi ba. In aikin ya ɓaci, kwana 60 ake ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya tattara. Ke nan ko an ƙuntata mata a wurin aiki ba ta da bakin cewa ta bari, don ta san mu huɗu muna bayanta. Wannan nauyi ne da ban tabbata ta auna shi ba, ni ma sai yau na gan shi sosai.

Dokar kuma ba ta zama wuri ɗaya. A watan Maris na 2024 aka hana masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyali, a watan Yulin bana aka rufe ɗaukar su daga waje gaba ɗaya. Nas-nas ba su shiga ciki ba, amma a watan Mayu gwamnatin Firaminista Keir Starmer ta fito da shirin mayar da shekarun jiran izinin zama na dindindin daga biyar zuwa goma. Wanda ya sayar da filinsa a kan dokar yau, bai san wadda zai tarar ba.

Wani abu da ya ba ni dariya ni kaɗai: shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai yadda rana ke gajarta a ƙasashen arewa, ban taɓa kawo kaina a ciki ba. Mu muna kusan digiri 11 daga tsakiyar duniya, Leeds na kusan 54. A Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, yaro zai fita makaranta da duhu-duhu ya dawo magariba ta gabato. Azumi dai a shekarun nan yana faɗowa cikin sanyi, gajere ne, ko ba komai wannan riba ce.

Bayan isha'i, yara sun kwanta, muka zauna. Na zayyana mata duk abin da na tattaro, har da maganar Hajiya. Ta saurara har na gama. Sannan ta ba ni labarin darenta na jiya: ita da ɗaliba ɗaya a kan ɗaki cike da marasa lafiya, an ɗauke wuta, janareta babu mai, da fitilar waya ta nemi jijiyar wani yaro. Likitoci masu neman ƙwarewa na yajin aiki tun farkon watan nan, komai ya dawo kansu. Cikin waɗanda suka gama makarantar jinya tare, na kirkin da yawa sun tafi, wasu Ingila, wasu Saudiyya. Hukumar jinya ta Najeriya da kanta ta ce sama da nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, kuma duk wanda ya tafi aikinsa kan na baya yake faɗawa. Ta tuna min yadda muka kwana ba barci a watan Maris na 2024 da aka kwashe ɗalibai a Kuriga, a jiharmu, muna tunanin ko mu cire yara daga makaranta. Ta tuna min litar mai da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a 2023, da abin da muke biya yau. Ta ce, "Malam, kai kana ƙirga abin da za mu rasa in mun tafi. Wanda muke rasawa muna zaune fa, wa ke ƙirga shi?"

Ban da amsa, don gaskiya ta faɗa. Na ce mata tsorona shi ne nauyin da zai hau kanta ita kaɗai. Ta ce nauyin da ke kanta yanzu ma ba kaɗan ba ne, bambancin kawai a can za a biya ta. Da na sake kawo maganar Hajiya sai ta yi shiru, don ita ma uwa ta ɗauke ta, tun rasuwar tata mahaifiyar.

Ta kawo shawarar ta fara tafiya ita kaɗai, ta ci jarrabawar, ta kama gida, mu biyo baya in an yi hutun ƙarshen zango. Haka da yawa ke yi, kuma zai ba ni damar kada in yi gaggawar sayar da fili ko ajiye aiki. Sai dai auta shekararta uku, ba ta taɓa kwana biyu a jere ba uwarta ba. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Mun dai yarda kowa ya yi istihara, kuma ranar Litinin za ta rubuta wa asibitin ta tambayi nawa za su nemi ta mayar musu idan ta bar aikin kafin wa'adin kwantiragi ya cika, don abokina ya ce a nan ake kama mutane da yawa. Ni kuma gobe da sassafe zan shiga mota zuwa Kaduna wajen Yaya. In har za a yi tafiyar nan, sai an san wanda zai dawo kusa da Hajiya, kuma na san matarsa ba za ta so barin Kaduna ba.