Awa shida a taswira, kwana biyu a titi: zagayenmu a kudancin Niyu Zilan da motar kwana

Tun kafin mu hau jirgi na zauna da Google Maps na tsara komai, kuma wallahi a lokacin ji nake ba wanda ya kai ni iya lissafi. Kwana 12 gare mu a tsibirin kudu na Niyu Zilan, ni da ƙanina, mun yi hayar motar kwana, irin mai gado da ɗan kicin da bayi duk a cikinta. Ranar farko na rubuta Christchurch zuwa Queenstown, wajen kilomita 480, taswira tace awa shida, nace ai wannan kamar shan ruwa ne.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne karɓar motar kanta. Cike takardu, nuna mana yadda ake kunna gas da yadda ake zubar da ruwan datti, sai kuma siyayya, kafin mu hau titi har biyun rana ta wuce. Ga shi a hannun hagu ake tuƙi, sitiyari a dama, duk sanda zan saka sigina sai in kunna waifa, ƙanina yana ta ƙyaƙyata dariya. Yawancin manyan hanyoyinsu gudun kilomita 100 aka yarda, amma motar nan doguwa ce, iska na bugun ta ta gefe, da ƙyar nake kai 80, kuma layi ɗaya ne zuwa ɗaya dawowa, da motoci sun taru a bayanka dole ka nemi gefe ka ba su hanya.

Ƙarfe bakwai muka iso tafkin Tekapo, ko rabin hanya ba mu yi ba. Watan Janairu ne, lokacin zafinsu kenan, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara, to hasken nan shi ke yaudarar mutum, kaga gari fayau kace akwai sauran lokaci alhali jikinka ya riga ya gama. Ni dai na so mu wuce. Ƙanina ne yace "Yaya, dubi idonka fa, don Allah mu kwana nan." Muka je sansanin da ake biya, a cike maƙil, ashe lokacin hutun makarantunsu ne. Kuma ba ko'ina ake ajiye mota a kwana ba, kowace ƙaramar hukuma da nata dokar, wuraren kyautar ma galibi sai motarka na da shaidar cewa tana da bayi da tankin ruwan dattinta, in ka kwana inda aka hana tarar dala 400 ce ta kuɗin ƙasar. Haka muka ƙara gaba har gefen tafkin Pukaki inda aka yarda irin motarmu ta kwana. Da safe na buɗe labule sai ga dutsen Aoraki, mita 3,724, da ƙanƙara a kansa, a can ƙarshen ruwan. Da mun bi tsarina da cikin duhu za mu wuce shi.

A nan na yage takardata. Sabon tsarin daga wajen kwana yake farawa, sai mun san inda za mu kwanta sannan mu duba hanya. Duk abin da taswira ta faɗa sai in ƙara rabinsa a kai, awa uku ta zama huɗu da rabi, kuma mu isa kafin ƙarfe biyar. Duk dare na uku sansanin biya muke kama tun da wuri ta waya, saboda a jona wuta batir ya cika, a ɗebi ruwa, a zubar da na datti, wannan aikin kam ƙanina na bar wa, girma ya ci.

Inda tsarin yafi yi mana rana shi ne hanyar Milford Sound, wani wajen yawon buɗe ido inda teku ya shigo tsakanin duwatsu. Daga garin Te Anau kusan kilomita 120 ne kawai, amma babu gidan mai a tsakani, sabis ɗin waya ma yawancin hanyar babu, don haka sai ka cika tanki kafin ka fita. Mutane da yawa daga Queenstown suke tasowa suje su dawo rana ɗaya, awa huɗu zuwa huɗu dawowa, ni a ganina wannan wahalar da kai ce kawai. Mu kwana mukai a Cascade Creek, sansanin hukumar kula da dazuzzukansu, ba wuta ba komai sai ƙarar ruwa da wasu ƙananan ƙudaje masu cizon tsiya. Da sassafe muka tashi, muka riga manyan bas-bas na 'yan yawon buɗe ido isa ramin Homer, hanyar da aka huda ta cikin dutse mai tsawon kilomita 1.2. Danja ce ke ba da hannu a bakinsa, muna jira wani aku da suke kira kea ya sauko kan motar ya hau cizgar robar gilashi, ina kora yana kallona kamar ni ne baƙon, wanda kuma gaskiyarsa ne.

Gaɓar yamma sai gadoji masu layi ɗaya, ka tsaya ka karanta kibiya kaga wa ke da hannu, ga kwana-kwana, ga ruwan sama. Daga Wanaka zuwa Franz Josef yini guda ya ci mana. Arewacin tsibirin da na saka a takardar farko gaba ɗaya muka soke shi, ƙanina ya ɗan yi tsaki, muka yanke ta Arthur's Pass, hanyar da ta ratsa duwatsu, muka dawo wajen Christchurch.

Daren ƙarshe a wajen garin Christchurch muka kwana, minti 20 da inda za a mayar da mota, don sai an cika mai an wanke tankuna kafin su karɓa. Ina kwashe kaya na tsinci guntun takardar nan ta farko a ƙarƙashin kujera, daidai wajen da na rubuta "awa 6", na miƙa wa ƙanina, ya karanta ya ninke ya saka a aljihu yace zai ajiye min.