Asabar: robar hannun babur

Na canza robobin hannun babur yau. Aiki ya yi kyau, amma raina bai kwanta ba har yanzu saboda abin da ya shiga tsakanina da Yaya.

Tsofaffin sun daɗe da gajiya. Zanen jikinsu ya shafe, rana da gumi sun sa sun fara danƙo suna barin baƙi a tafin hannu, ta hagun kuma har juyawa take yi a kan ƙarfe idan na matse kuloci.

Ita ta hagun ba ta ba ni wahala ba. Na kwance ƙarfen nan mai nauyi na ƙarshen kan babur, wato ƙarfen tuƙi, wanda ke rage girgiza, na sa reza na tsaga robar daga baki zuwa baki, na ɓare ta. Ƙarfe ne zalla a ƙarƙashi, ba abin da reza za ta yi masa. Ta dama kuwa ba a kan ƙarfe take zaune ba, a kan bututun totur take, wanda wayar totur ke maƙale a gindinsa. Bututun nan roba ce mai tauri, idan reza ta nutse ta tsaga shi sai an nemo wani. Shi ya sa na cusa siririn sukundireba a hankali, na ɗiga ruwan sabulu ta gefensa, na yi ta zagayawa da shi har tsohon gam ya saki. Mai injin iska ya fi ni samun sauƙi, tiyo kawai zai cusa, iska ta kumbura robar ta zamo.

Sababbin a ido kamar ɗaya suke, amma ba ɗaya ba ne. Kaurin kan yawancin babura milimita 22 ne, wato 7/8 na inci, sai manya irin su Harley-Davidson masu inci 1. Ramin ta hagu daidai da ƙarfen yake, na ta dama ya fi shi faɗi da milimita 2 ko 3 saboda bututun. Sai da na leƙa cikin kowacce kafin in ajiye su gefe-gefe.

Ina cikin goge ragowar gam da tsumma da sifirit Yaya ya shigo. Ya tsaya a kaina, ya ɗauki roba ɗaya yana jujjuyawa.

"Me kake ta wahalar da kanka? Ɗiga mata baƙin mai, yanzu ta shige."

Na ce, "Yaya, mai ba ya bushewa. Shi zai shigar da ita yau, shi kuma zai fitar da ita gobe ana cikin tafiya. Ga shi yana lalata roba."

Ya ce, "Ka ji shi. Mu da muke hawan babur tun kana rarrafe."

Ban tanka ba. Na tsoma robobin cikin ruwan ɗumi su yi laushi, na tsane su tas, na shafa gam kaɗan a ƙarfen hagu, na tura da tafin hannu ina murzawa har ta kai ƙarshe. A dama na fi yin hankali. Gam ɗan kaɗan, nesa da bakin bututun, don kada ya gangara ya maƙale tsakaninsa da ƙarfe. Na bar 'yar tazara tsakanin robar da akwatin makunnai, na bar wata tsakaninta da ƙarfen ƙarshe. Sannan na murɗa totur na saki, ya koma da kansa, ƙat. Na karya kan har ƙarshe hagu, na gwada, na karya dama, na sake gwadawa. Duk ya koma.

Nan Yaya ya miƙo hannu. "To an gama ke nan. Ba ni makulli in je in dawo, ba zan jima ba."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, sai gobe. Gam bai kama ba."

Ya dube ni wani irin kallo. Ya ce, "Babur ɗinka ne ai," ya juya ya fita, ko gidan ciki bai shiga ba.

Maganar nan tasa ce ta tsaya mini a wuya tun yamma. Shi ya koya mini hawa. Shi ya riƙe mini kariyar bayan babur yana bina da gudu, yana cewa in saki kuloci a hankali. Ban taɓa hana shi makullin nan ba, ko tsakar dare ya zo. Yanzu yana ganin rowa na yi masa, ko kuma ƙanensa ya fara yi masa iyayi a kan 'yar roba. Ni kuwa abin da nake gani daban ne. Gam ɗanye santsi yake yi kafin ya kama, shi ya sa ma roba ke shiga da sauƙi. Ya taka birki da ƙarfi, nauyinsa ya koma kan hannu, ta hagu za ta iya juyawa ko ta zare. Ta dama kuma in ta matsa ta manne da akwatin makunnai, totur zai tsaya a buɗe, ya saki hannu inji na ci gaba da ja. Duk tuƙin babur, totur da birkin gaba da kuloci da juya kai, a kan robobin nan biyu hannu ke yin sa. Da na ba shi, da ban iya zama ba har ya dawo. Na so in faɗa masa haka, bakina ya yi nauyi, sai "gam bai kama ba" kawai ya fito.

Mama ta ce da na bi shi har waje na yi masa bayani, wai Yaya ba ya son a ce masa a'a a gaban yara. Gaskiyarta, Auta na tsaye a wurin.

Autan ya kwashe tsofaffin robobin, wai zai sa wa kekensa. Na ce masa ta hagun a tsage take.

Ɗan yatsana na zafi inda na yi ta tura roba.

Na tura wa Yaya saƙo cewa ya zo da safe ya ɗauka, ya wuni da shi in yana so. Ya gani, bai amsa ba. Kafin ya zo zan riƙe kowacce in murɗa da iya ƙarfina, in sake gwada totur kan na karye hagu da dama. Idan ɗaya ta motsa ko kaɗan, sai in sake ba shi haƙuri.