Barbarar allura: aikinmu da shanu a Bukuru

Ni da yara biyu muke riƙe da ɗan kamfaninmu a Bukuru, ba nisa da kasuwar Kara. Muna yi wa shanu barbarar allura, wato ɗura wa saniya maniyyin bijimi ba tare da ya hau ta ba, mu duba ciki, mu kuma bi lafiyar maruƙa har a yaye su. Makiyaya na kirana Likita, amma a makarantar koyon kiwon lafiyar dabbobi ta Vom na yi karatu, kuma duk abin da ya kai ga tiyata likitan dabbobi nake kira.

Maniyyin bijimi a daskare yake zuwa, cikin 'yan siraran tsinkayen roba. Muna ajiye shi a tulun ƙarfe mai ruwan nitrojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Tulun ba ruwansa da wutar lantarki, sai dai ruwan na bin iska a hankali, ranar da ya ƙafe kuwa jari ya tafi gaba ɗaya. In za a yi aiki, a ciro tsinke ɗaya, a tsoma a ruwa mai ɗumin jiki na rabin minti, a ɗura a bindigar barbara. Wannan duk mai natsuwa zai iya koya.

Wahalar tana wurin lokaci. Saniya na neman bijimi kusan duk kwana 21, kuma abin ba ya cika yini da kwana. Bunaji ma ta fi ɓoyewa, sau da yawa cikin dare take nunawa. Ƙa'idar ita ce, wadda aka ga ta tsaya wasu na hawanta da safe, a yi mata da yamma. Wadda aka gani da yamma, a yi mata da sassafe. Shi ya sa na fi dogara da wayar makiyayi a kan duk na'urorin da na mallaka. Wani Ardo a wajen Barikin Ladi ya taɓa ce mini, "Likita, kai ka zo da ƙarfe, ni ke kwana da nagge." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ya sa nake so ka kira ni kafin ka yi kalaci." Yanzu jikansa ke ɗaukar bidiyo ya turo ta WhatsApp, in ga majinar da ke zuba daga al'aurar saniyar, alamar neman bijimi, kafin in ƙona mai. Bayan wata guda da yin barbarar, na'urar hoton ciki na nuna ko ta ɗauka. Da hannu sai an kusa wata biyu.

Masu kuɗin Abuja kan zo da buƙatar Friesian zalla, wani irin shanun Turai, saboda sun ji labarin madara. Nakan hana. Sanyin Filato na taimakon irin Turai, gaskiya ne, amma kaska da kirci ba su san tsadar saniya ba. Ruwa-biyu, rabi Friesian rabi Bunaji, ita ke jure ƙasarmu, ta kuma ninka uwarta nono in ta samu dusa, harawa da ƙuli-ƙulin auduga. In ba abinci, ta fi Bunaji saurin ramewa.

Bayan wata tara maraƙi ya faɗo, nan ne asara ta fi yawa, kuma ba don rashin fasaha ba. Dole ya sha dakashi ya ƙoshi cikin awa shida na farko, domin daga baya hanjinsa ba ya ɗaukar kariyar da ke ciki sosai. A tsoma cibiya a aidin, a ba shi busasshen wurin kwana. Zawo ke kashe yawancinsu, musamman inda ake tatse uwa tas don kasuwa. Muna maƙala masa lamba a kunne, mu rubuta sunan uwa da bijimi a waya, kada gobe a yi wa karsana barbara da maniyyin ubanta. Rigakafin ciwon huhu da na harbin daji daga cibiyar binciken dabbobi ta Vom muke saye, wadda take can tun 1924, mu ɗauko a cikin kula mai ƙanƙara.

Kuɗin aiki kashi biyu muke karɓa: rabi ranar allura, rabi ranar da aka tabbatar da ciki. Wadda ba ta ɗauka ba, zuwa na biyu kuɗin tsinke da na mai kawai mai ita zai biya.