Me ya sa injin gas ba shi da fulogi?

Mutane da yawa sun ɗauka bambancin injin gas da na fetur a mai ne kawai, wannan ya sha gas wancan ya sha fetur shikenan. Ba haka bane fa, yadda wuta ke kamawa a cikinsu ma ba ɗaya bane.

Injin fetur yana haɗa iska da mai, fistan ya matse su, sai fulogi ya ƙyasta wuta. Shi kuwa na gas iska zalla yake zuƙa ya matse ta sosai da sosai, wajen ninki 15 zuwa 22, alhali na fetur bai cika wuce 8 zuwa 12 ba, to matsin nan shi ke sa iskar ta ɗau zafi har ta haura digiri 500, nozul na feso gas a ciki sai ya kama da kansa. In ka taɓa ba taya iska da famfon keke ka ji ya ɗumama a hannunka, abin kenan. Wani Bajamushe Rudolf Diesel ne ya ƙirƙiro injin gas, a 1897 injinsa ya yi aiki yadda ake so.

To mu a Jos nan ne sanyi yake shigo mana. Asubar Disamba ko Janairu ƙarfen injin ya yi sanyi ƙalau, yana shanye zafin iskar kafin gas ya kama, shi ya sa ƙananan motocin gas suke da hita, wato ɗan ƙarfen da batir ke zafafawa ya ɗumama cikin injin. Ka murɗa makulli, ka jira fitilarta ta mutu, sannan ka tayar. Amma sai ka ga mutum yana ta buga sitata har batir ya mutu, wani ma ya watsa fetur ta wajen shan iska wai don ta tashi da wuri, wallahi abin yana min ciwo, fetur ba ya jiran lokaci a matsi irin wannan, fashewa yake kafin fistan ya kai sama, kuma ringi da fistan ne ke shan dukan.

Saboda matsin ne kuma ake yin injin da kauri da nauyi, yana da tsada amma ga ƙarfin jan kaya ga rashin shan mai. Tirela ɗauke da siminti tana hawa Hawan Kibo a hankali tana gurnani, wannan aikin gas ne.

Sannan don Allah direbobi a daina garwaya gas da fetur ko kananzir saboda gas ya yi tsada. Gas yana da maiƙo, shi ke sa famfon mai da nozul su yi santsi, in ka tsinka shi sai su cinye, kuɗin gyaransu kuwa ya fi abin da ka rage a gidan mai nesa ba kusa ba.